Zia Nunzia Ba Ta Kiɗa a Kan Roba

Tun ranar Lahadin can mutane ke ta turo mini bidiyon nan, kamar ba ni ce a bayanta riƙe da jakar sanduna ba. Kun dai gan shi. Wata 'yar guntuwar tsohuwa, kai fari fat, tana tura wani ƙaton kayan kiɗa da ya fi ta tsayi ta ƙofar otal ɗin Cormorant a Port Adelaide, wani yana ƙwala mata kira daga ciki, ita kuwa ko waiwaye. A ƙasan bidiyon kowa ya zama alƙali. Wannan ya ce taurin kan tsufa ne. Wancan ya ce a kan 'yar roba kamar murfin kwalba mutum zai zubar da wurin da ya fi shekara talatin yana kiɗa, ai sai a duba lafiyarta. Wani kuma, da ko sunanta bai sani ba, ya rubuta wai irinsu ne ke hana unguwa ci gaba.

To ku zauna. Sunanta Nunzia Altomare, ni ke buga mata ganga, kuma zan ba ku labarin daga tushe. In kun gama karantawa ku ci gaba da zaginta in kun ga dama.

Duk Port ɗin nan Zia ake ce mata, wato goggo da yaren iyayenta, har waɗanda suka girme ta. Babanta masunci ne, cikin 'yan Italiyan da suka zo da jiragen kamun kifi suka cika layin bakin ruwa da ƙarni da hayaniya. Tun tana ƙarama take feɗe kifi a rumfa. Da ta girma ta koma siton gashin tumaki tana tuƙa motar ɗaga kaya, mace ɗaya cikin ƙarti, har ranar da aka rufe siton. Ta yi aure, auren ya ƙi, ta nuna wa mutumin hanya. Ɗa ɗaya gare ta, yana can Darwin, kullum ya kira sai ya roƙe ta ta huta. Ita kuma sai ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Abin da kuka ga tana turawa bes ne: ƙaton gogen katako mai tsirkiya huɗu, a tsaye ake kaɗa shi, mutum ya rungume shi yana fizgar tsirkiyar da yatsu. A gindinsa akwai tsinken ƙarfe mai tsini, shi ne ƙafar da yake tsayawa a kai. Duk rigimar nan a kan wannan tsinken take.

Ta samu bes ɗin wajen wata mata da mijinta ya mutu ya bar shi a gareji da karyayyen wuya. Wani mai gyaran kwale-kwale ya ɗora mata wuyan da irin gam ɗinsu, shi ya sa har yau in aka yi zafi bes ɗin warin jirgi yake yi. Ba ta taɓa zama gaban malami ba. Rediyo ta fara bi, sannan ta riƙa tsayawa a bayan tsofaffin makaɗan jaz na gari tana kallon yatsunsu, suna korarta tana dawowa. Kiɗe-kiɗen da muke yi yawancinsu nata ne, ita ta tsara su, kuma ba ta rubuta ko ɗaya ba. A mota suke zo mata, ko tana juya miyar tumatir. Sai ta zo ta rera maka da wannan muryar tata mai kama da ƙofar gareji, ka ɗauka ko ka bari.

Ni a waya na koyi ganga, ina dukan matasan kai a ɗaki har mahaifiyata ta ce in nemi wani wurin. Aka ce mini ranar Lahadi da rana ana jaz a Cormorant, kuma wani lokacin suna barin baƙo ya taɓa. Na je da wasu takalma masu kaurin tafi, ina jin kaina. Zia ta dube ni daga ƙasa zuwa sama, ta sake komawa ƙasa.

"Ke 'yar nan, mene ne wannan a ƙafarki?"

"Takalmi."

"Na ɗauka kwale-kwale ne. Cire."

Na ce ban gane ba. Merv Tilbrook, tsohon da ke busa ƙaho, ya ce, "Cire kawai, yarinya. Ni ma ta taɓa sa ni, sai da ta ji warin safata ta ce in mayar."

Na cire. Ta fizgi tsirkiya mafi kauri sau ɗaya, ta bar ta tana kuka. Wallahi kafin sautin ya iso kunnena ya riga ya shigo ta tafin ƙafata, ya hau ƙaurina, ya zauna a cikina. Ta ce, "Yauwa. Daga nan za ki riƙa ɗaukar lokaci. Kunnenki ki bar wa Merv, shi ke buƙatar a saurare shi."

Ga abin da masu sharhi ba su sani ba. Daɓen ɗakin baya na Cormorant tsohon jan katako ne, an shimfiɗa shi a kan manyan azara, a ƙarƙashinsa kuma akwai ɗakin ƙasa inda ake ajiye gangunan giya. Wato ɗakin gaba ɗaya ciki gare shi, kamar ganga. A kusurwar da Zia ke tsayawa akwai ɗan rami a katakon, tsinken bes ɗinta ne ya ci shi a hankali cikin shekarun nan. In ta kafa tsinken a ramin, sautin yana sauka ta ƙarfen ya shiga katako, ya bi azara, ya bazu ƙarƙashin kowane tebur. Da wannan daɓen take tsara kiɗanta. Akwai wani kiɗa nata mai suna Ruwa Ya Janye, a tsakiyarsa kowa yake yin shiru, ta riƙe sauti ɗaya can ƙasa tana maimaitawa, har ka rasa ko jin sa kake ko jikinka ne ke rawa. Ta sha faɗa mini, "Bes ɗin nan rabin kayan kiɗana ne. Ɗaya rabin na Deanne ne, ara mini take."

Deanne Kowalik ce mai otal ɗin, ta gaje shi wajen babanta. A gaban Zia ta girma, a ƙarƙashin teburan nan ta yi rarrafe. Kada ku mai da ita muguwa a labarin nan, ba ita ba ce.

Mu huɗu ne: Zia, ni, Merv, da Kosta mai fiyano, wanda ke gyaran na'urar sanyaya ɗaki sauran ranakun mako. Ba wani taro ake yi ba. Tsofaffin ma'aikatan tashar jiragen ruwa, 'yan mata biyu-uku masu zane a hannu, iyalai da suka zo cin soyayyen kifi da dankali, yara na gudu tsakanin kujeru. Zia ba ta yi wa kowa murmushi in tana kiɗa. Na taɓa tambayarta ko ba ta jin haushi, Merv ya busa a yi masa tafi, ita ko kallo.

Ta ce, "Kin taɓa ganin an tafa wa mai riƙe tsani? Ki saki ki ga yadda za a san da ke."

Merv ya ce, "Ji ta. Mai riƙe tsani da ke girgiza shi in ta ga ka kai sama."

"In na ga kana barci a sama dai. Busa wani abu da ban ji ba tun zamanin da kake da haƙora, ka ga in zan girgiza."

Haka suke, tun kafin a haife ni.

Sai aka sayar da tsohon siton gashin tumakin da ke manne da otal ɗin, wanda Zia ta yi aiki a ciki, aka yanka shi gidaje masu tsada. Bango ɗaya suka haɗa da Cormorant. Mutane suka tare. Ba a daɗe ba ƙorafi ya fara zuwa, daga ƙorafi sai gargaɗi daga ƙaramar hukuma: ko a rage ƙara, ko a karɓe izinin kiɗa. Deanne ta tara mu a kicin, fuskarta kamar ba ta yi barci ba.

"Ba gangar ba ce, ba ƙahon ba ne," in ji ta. "Sun ce wani gurnani ne can ƙasa. Zia, ke ce."

"To wa zai zama da?"

"Ki kashe lasifikar mu gani."

Zia na da wata 'yar lasifika da take haɗawa da bes ɗin, wadda dama ba ta taɓa ƙauna ba. Ta zare wayar a take, ta miƙa wa Deanne, ta ce ta ɗaure kare da ita. Lahadin da ta biyo baya muka yi kiɗa ba wuta, ni na koma buga ganga da burushin waya maimakon sanda, Merv ya toshe bakin ƙahonsa. Ya yi daɗi ƙwarai. Ranar Litinin ƙorafi ya sake zuwa.

Zia ta ce ita sai ta ga mai ƙorafin da idonta. Deanne ta roƙe ta kada ta je, ta ce za ta jawo mata ƙara a kotu. Zia ta yi alkawarin ba za ta ɗaga murya ba, ta soya wasu 'yan ƙosan fulawa irin nasu ta zuba a kwano, ta ce in raka ta. Muka bar Kosta a ɗakin baya da bes ɗin a kafe a raminsa.

"In na kira ka, tsirkiya mai kaurin nan kaɗai za ka taɓa," ta ce masa. "Da yatsa ɗaya. Ka wanke hannu?"

"Zia, shekara nawa muna tare?"

"Shi ya sa na tambaya."

Wadda ta buɗe mana ƙofa wata mata ce siririya, idanunta sun yi ja, sunanta Sheeba Kurian. Ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare take yi a ɗakin marasa lafiyan da ke tsakanin rai da mutuwa. Tana dawowa da safe ta kwanta. Ta ga kwano, ta ga tsohuwa, ta rasa yadda za ta yi, ta ce mu shigo.

Zia ta kira Kosta a waya ta ce ya taɓa. Muka yi tsit. Sai ga shi. Ba ƙara ba ce da za ka ce ka ji, ƙarfen gadon matar ne ya fara wani kuka a hankali, tagar ta amsa, abin ya shigo har haƙora. Zia ta miƙa mini kwanon, ta durƙusa da ƙyar, ta kwanta rigingine a tsakar ɗakin baiwar Allahn nan, ta rufe ido.

"Kosta, sake." Gadon ya sake kuka. "Kai! Ashe nan ne wurin zama mai kyau. Duk shekarun nan ban taɓa jin kaina daga nesa ba."

Sheeba ta dube ni, na dubi silin.

"Inna," ta ce, "ni ban ce kiɗanki ba daɗi ba. Amma in ban yi barci ba, da dare hannuna ke rawa, kuma allura nake riƙewa. Na sa auduga a kunne, na sayi abin toshe kunne mai tsada, duk a banza. Ta gado yake shigowa."

Zia ta buɗe ido. Ta dubi matar daga ƙasa. Sannan ta miƙo hannu muka ɗaga ta.

"Ba za ki iya toshe shi ba," ta ce. "Ba ta kunne yake bi ba. Ki ci ƙosan da zafinsa, 'yata."

A matakala na fara zuba. Na ce ai ita ta zo ta same mu, wa ya ce ta sayi gida jikin mashaya, bari in hau waya in tara mata jama'a. Zia ta tsaya ta riƙe hannuna da yatsun nan nata masu kama da itace.

"In kika rubuta sunan yarinyar nan a wayarki, sai na fasa miki ganga a ka. Tana da gaskiya. Mutum na da haƙƙin barcinsa."

Shi ya sa sai da na nemi izinin Sheeba kafin in rubuta wannan, kuma duk wanda ya je ya dame ta, ni da shi ne.

Maganin da aka samo mai sauƙi ne, kowa ya yi murna. Wata 'yar roba ce baƙa, mai kauri, da ake sawa a ƙarƙashin tsinken. Robar ta shanye girgizar, ba abin da zai sauka cikin katako, Sheeba ta yi barcinta, Deanne ta riƙe izininta, mu mu ci gaba da Lahadinmu. Deanne da kanta ta sayo, ta kawo wa Zia a tafin hannu kamar kyautar biki.

Kuma ku sani, ta gwada. Masu cewa ko gwadawa ba ta yi ba ƙarya suke. Lahadi guda cur ta yi kiɗa a kan robar. Ni na cire takalmi kamar kullum, na aza ƙafa a katako, na ji shiru, kamar na sa hannu a ƙirjin mutum ban ji bugu ba. Na riƙa bin ta da ido ina kallon yatsunta don kada in ɓace. Da muka zo tsakiyar Ruwa Ya Janye, inda kowa ke yin shiru, sai ga wata tsohuwa tsaye a kusurwa tana jan tsirkiya ɗaya, ana jin ƙarar cokula.

Abin da ya fi ciwo shi ne ba wanda ya lura. An yi tafi kamar kullum. Wani ma ya zo ya ce yau kiɗan ya fi tsabta. Sheeba ta aiko da saƙon godiya, ta ce ta yi barci kamar jaririya.

Muna naɗe kaya Merv ya ce, "To kin gani? Ba wanda ya mutu."

"Ni na lura."

"Ke kaɗai. Da yarinyar nan, ita ma don ta ga robar ne."

Wataƙila yana da gaskiya a kaina, ban sani ba. Zia ta ce, "Merv, in na cusa maka safa a ƙaho, na ce ba wanda ya lura, za ka ci gaba da busawa?"

"Ai kin sa na toshe shi makon jiya!"

"Ka toshe don ka so, ka buɗe in ka so. Wannan ba cirewa."

"Nunzia, mun tsufa. Ina za ki je? Wa ke neman tsohuwa da akwatin gawa mai tsirkiya? Ki sa robar, ki yi shiru, mu ƙarasa 'yan kwanakinmu a nan."

"Kai ka ƙarasa naka. Ni nawa ba su fara ƙarewa ba."

A mota, tana mai da ni gida, ta yi maganar da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce tun tana yarinya ake miƙo mata roba iri-iri. A rumfar kifi an ce ta rage murya. A sito an ce ta rage baki. Mijinta ya ce ta riƙa kiɗa in ba ya gida. Kowannensu da dalilinsa mai kyau, kuma kowanne ƙarami ne, abin da ba zai kashe mutum ba. "Haka ake yi, Talei," ta ce mini. "Ba wanda zai zo ya ce ki daina. Cewa za su yi ki ci gaba, amma kada a ji. Ni kuma kiɗan nan don daɓen na tsara shi. In an cire daɓen, ban san abin da nake kaɗawa ba, kuma ba zan tsaya gaban mutane ina yi musu kwaikwayon kaina ba."

Na ce to ta tsara wasu sababbi mana, waɗanda za su zauna a kan roba.

"Wata za ta iya, Allah ya ba ta sa'a. Ni ban iya tunani daga wuya zuwa sama ba."

Cikin makon ta kira Deanne ta ce ba za ta ƙara sa robar ba. Ta kawo shawara a mai da kiɗan lokacin da Sheeba ke wurin aiki. Deanne ta ce ba Sheeba kaɗai ba ce yanzu, akwai masu jariri a hawa na sama, kuma an gaya mata gargaɗi na gaba shi ne na ƙarshe. Ta ce tana da ma'aikata, tana da masu dafa abinci, ba za ta jefa su a titi saboda rami ɗaya ba. Duka su biyun suka ajiye waya suna ganin ɗayar za ta sauko.

Ranar Lahadi muka shigo da kaya. A kusurwar Zia, an kafe robar a kan ramin da kusoshi huɗu.

Zia ta tsaya tana kallo. Deanne ta fito daga bayan teburin sayar da abin sha tana goge hannu, idonta ya ciko.

"Zia, don Allah. Kada ki sa ni zaɓa."

"Ai kin riga kin zaɓa, 'yar nan, kuma daidai kika yi. Gidanki ne. Da ni ce ke, haka zan yi."

"To ki tsaya mana!"

"A'a."

"Babana zai tashi daga kabari in ya ji kin bar nan."

"Babanki kurma ne tun yana raye, ba zai ji ba."

Kosta ya matso yana sosa ƙeya, ya ce in dai don yau ne, zai iya riƙe ƙasan kiɗan da hannun hagu a fiyano, kafin a sasanta. Zia ta dafa kafaɗarsa ta ce ya riƙe, amma ya daina gudu in an zo amshi. Ta juya wajen Merv. Bai ɗago ba, yana ta shafa wa ƙahonsa mai. Tun da matarsa ta rasu, Lahadin nan ce kaɗai ranar da yake sa riga mai guga. Kowa ya san ba zai bi ta ba, ita ma ta sani, ba ta kuma tambaye shi ba.

Zia ta ɗora bes ɗin a kan 'yar tayar da take tura shi da ita, ta tura. Nan ne wani ya ɗaga waya ya fara ɗauka. Muryar da kuke ji tana cewa "Nunzia! Ke mahaukaciya, dawo!" ta Merv ce. Ni ba ta ce in biyo ta ba. Na dubi gangunana, na dubi kusoshin nan huɗu, na ɗauki jakata. Daga baya na koma na kwashe sauran.

Ta rasa Lahadinta. Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai mayar mata. Ana nan ana kiɗa a Cormorant, an samo wani mai ganga, Kosta na riƙe ƙasa da hannun hagu, na ji an ce mutane na zuwa. Ita da Merv ba su yi magana ba har yau.

Abin da bidiyon bai nuna muku ba shi ne makonnin da suka biyo. Na zama direbarta. Muka bi duk wani zaure da ke yammacin garin nan: kulob ɗin tsofaffin sojoji, zauren coci, ɗakin taron 'yan ƙwallo, wani gidan shan kofi da ya ce yana son jaz. Ba ta gaisawa da kowa sai ta fara zuwa tsakiyar ɗaki ta doka dunduniya a ƙasa, ta karkata kai. Siminti. Siminti da aka lulluɓe da katakon ƙarya. Siminti da kafet. Wani manaja ya bi mu har mota yana cewa zai ba ta daren Juma'a, da fitilu, da hotonta a ƙofa. Ta ce masa daɓensa matacce ne, ta yi masa ta'aziyya.

Inda muka dace wani tsohon zaure ne na 'yan Girka, a saman bene, ba gida ko ɗaya manne da shi, ƙasansa kuma wurin ajiye kujerun biki. An yi daɓen ne don rawa, tun zamanin da. Zia ta doka dunduniya, ɗakin ya amsa mata da wani "dum" mai zurfi. Ta sake dokawa. Ta tafi can kusurwa ta doka. Matar da ke riƙe da makullin, wata dattijuwa mai baƙaƙen kaya da ake kira Stamatia, ta harɗe hannu tana kallonta.

"Kin zo siyan gidan ne ko rushe shi?"

Zia ta yi mata bayani, ta fito da tsinken ta nuna mata tsininsa, ba ta ɓoye komai ba.

"Wato huda mini daɓe za ki yi."

"Rami ɗaya. Ƙarami. Kuma zai ɗauke ni shekaru, ƙila ma in mutu kafin ya yi zurfi."

"Lahadi akwai bikin baftisma. Asabar aure. Juma'a 'yan rawa." Stamatia ta ƙirga a yatsu. "Laraba da safe kawai ke akwai, lokacin da tsofaffinmu ke zuwa shan kofi da karta. Kuma ba sa son jaz. Ba sa son komai."

Na ja Zia gefe na ce wa ke kiɗan jaz da safiyar Laraba, ana hamma? Ta ce, "Mu."

Larabar da ta wuce muka fara, mu biyu, bes da ganga. Tsofaffin maza sun cika tebura uku, ba wanda ya ɗago. Zia ta zagaya ɗakin tana taka katako ɗaya-ɗaya har ta samu wanda ya yi mata, ta ɗaga bes ɗin da hannu biyu, ta sauke tsinken da ƙarfi. Stamatia ta rufe ido ta yi alamar gicciye. Zia ta fizgi tsirkiya mai kaurin.

Wani tsoho mai gashin baki ya ajiye kartarsa, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya dubi kofinsa, ya ɗaga murya.

"Ke, baiwar Allah! Kofina rawa yake yi!"

"Riƙe shi da kyau, baba," in ji Zia. "Ko farawa ba mu yi ba."